Sawun Liman a Ƙofar Tasalla

Ranar kasuwar Sabon Birni, a shekara ta biyu ta farin nan da ya cinye shanun Gobir, aka ga abin da ba wanda ya taɓa zato. Malam Sammani, limamin wani masallacin unguwa a Alkalawa, dattijon da ko dariya ba ya ɗaga murya, shi ne a tsakiyar 'yan tumaki yana tangaɗi. Rawaninsa ya warware yana jan ƙasa, gaban rigarsa a jiƙe, yana kai hannu yana cafkar iska kamar mai kamun fara. Ya kira wani mahauci da sunan mahaifinsa da ya daɗe da rasuwa, ya zauna cikin kashin awaki, ya tashi ya rungumi jakin wani. Kasuwa kuwa ba sai an gayyace ta kallo ba. Kafin ka ce kwabo an yi masa zobe, masu salati na yi, masu dariya na toshe baki.

Wani kofur ɗin 'yan sanda ya kutsa, ya sunkuya ya sunsuna rigar, ya ɗago ya ce giya ce. Sai dai kama liman ba kama ɓarawon akuya ba ne, yana son hujjar da zai dogara da ita. Da ya waiga ya hangi Wada cikin taron, sai ya yafuto shi.

Wada mai bin sawu ne. Daga Isa har bakin iyaka, wanda aka sace wa saniya ko raƙumi ƙofarsa yake kwana, kuma 'yan sanda sun sha cin albarkacin idonsa. Maƙwabcin Malam Sammani ne kuma, danga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Kofur ya ce ya duba masa inda mutumin nan ya fito.

Aikin bai yi wuya ba. Takalmin Malam na dama yana da facin taya a dunduniya, ga kuma hujin sandarsa a gefe. Wada ya bi sawun da baya, jama'a na biye da shi, ya ratsa 'yan tukwane, ya fita bayan kasuwa, har ƙofar gidan Tasalla. Kowa ya san sana'ar Tasalla, dafa burkutu, ko da yake ba ka samun namijin da zai yarda ya san hanyar gidanta. Sawun ya shiga, ya fito. Wada ya tsaya nan, ya sunkuyar da kai.

"Nan yah hito," in ji shi.

Bai ƙara ko taku ɗaya ba. An tambaye shi, ƙofar ta ba da amsa, mutane sun gamsu, shi ma ya juya.

*

Sai washegari Malam ya dawo hayyacinsa. Da aka kai shi gaban alƙali a Isa aka karanta masa tuhumar maye a bainar jama'a, ya ce ya tuna ya sha kunu, ya fito za shi ta'aziyya Sabon Birni, ya yanke ta gonaki don ya rage hanya. Daga nan bai san komai ba sai da ya farka a hannun hukuma. Wani ya raɗa masa ya amsa laifi ya roƙi sassauci, a gama a rufe. Ya girgiza kai.

"Allah shi gafarta Malam, ban sha ba. Ban san abin da yas same ni ba, amma ban sha ba."

Alƙali ya ce ga hancin kofur, ga kuma shaidar mai bin sawu, ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka tun da ya musa, za a ba shi zuwa zama na gaba ya kawo abin da zai kare kansa, ya zauna a hannun wani ɗan'uwansa nan Isa. In laifi ya tabbata, bulalar haddi ce a gaban jama'a. Kowa a wurin ya san bulalar ba ita ce abin tsoro ba, ana yin ta ne da sauƙi. Abin da ke nan shi ne, wanda aka kwantar aka yi wa bulalar giya ba ya sake shiga gaban sahu, kuma da sunan za a riƙa kiran jikokinsa.

Da za su fita Malam ya haɗa ido da Wada. Bai harare shi ba. Sannu da hanya ma ya yi masa, ya ce ya gaida mutanen gida. Da zaginsa ya yi, da Wada ya fi samun sauƙi. Ya koma Alkalawa zuciyarsa na cinsa.

*

Garin ya rabu biyu. Wasu na cewa ai dama shiru-shirun nan ba banza ba, wa ya san tun yaushe. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna bin sa salla, yanzu su ne ke tambayar ko sai sun rama. Sauran kuwa sun rantse sammu ne ko an ba shi wani abu, kuma ba su wahala wajen neman mai laifi ba: Kalilu, na'ibinsa, wanda tun ranar ya shige gaba yana jan salla da wata sabuwar ƙira'a mai ja. An kuma ga ya miƙa wa Malam wani abu a bakin gari da safen nan.

Wada ya fara da Tasalla. Ya same ta zaune a gindin bango tana tsinkar zogale. Da ya faɗi abin da ya kawo shi ta yi dariyar da ba ta jin daɗi ba.

"Giya? Wada, da girmanka? Da wace dawa za ni yin ta? Tahi duba tukanen, gizo-gizo ya yi gida ciki."

Ya duba, haka ne. Ta ce rabonta da jiƙa dawa tun kafin a fara layin hatsin agaji, wanda ya sami tiya guda tuwo zai yi da ita. Tsohon ya faɗo mata gida ne yana tangaɗi, leɓensa a bushe, idonsa baƙi ƙirin kamar na mage, yana neman ruwa da hannu don harshen ya ƙi juyawa. Ta ɗebo masa a ƙwarya, rabi ya shiga baki rabi ya bi riga. Ta miƙo wa Wada ƙwaryar. Ba komai a ciki, amma tsamin burkutu na shekaru ya kama ta har ƙashi, ko kogi aka zuba a ciki da warin zai fito. Ya tambaye ta me ya hana ta faɗa wa kofur. Ta ce ta faɗa, amma maganar mai gidan giya ba ta kai ta mai bin sawu nauyi ba.

Kalilu kuma a zaure ya same shi, ya rame don tashin hankali, yara sun fara yi masa waƙa a hanya. Ya ce goro ne ya ba Malam, goro ɗaya tak, suka fasa, shi ma ya ci ɓari. Bai ɓoye ba cewa yana son limanci, wane almajirin ilimi ne ba ya so, amma ba ta wannan ƙofa ba. Wada ya dube shi ya ga mutum ne mai son a ji muryarsa, iyakar laifinsa ke nan.

*

Da sassafe ya koma ƙofar Tasalla, ya yi abin da ya kamata ya yi tun ranar farko: ya wuce ta. Fari ya yi masa rana ɗaya, ba ruwan da zai wanke ƙasa, gonakin da Malam ya ratsa kuwa ba mai shiga, me za a je nema. Facin tayar na nan raɗau. Kuma sawun da ya nufo gidan Tasalla a karkace yake, ƙafa na harɗe ƙafa, sanda na sauka inda ta ga dama. Mutumin ya zo da tangaɗinsa tun daga nesa. Wada ya ji kunya ta rufe shi shi kaɗai a tsakiyar saura. Ɗan koyo ma ya san ba a yanke wa sawu hukunci sai an kai inda ya faro.

Ya ci gaba da bi. Can wajen rabin hanya, gindin wani marke, ya ga inda tsohon ya durƙusa, ga shaidar gwiwoyi biyu da tafin hannu. Ya yi amai a wurin, rana ta busar da shi. Bayan marken kuwa, ta wajen Alkalawa, sawun a miƙe yake sumul, tafiyar dattijo mai natsuwa.

Wada ya tsuguna ya tona busasshen aman da tsinke. Kunun bai daku sosai ba. Ga ɓarzajjen gero, ga ƙwayar dawa, ga ƙaiƙayin ƙarangiya da 'ya'yan ciyawa iri-iri, har da wasu 'yan faffaɗan ƙwayoyi masu ruwan ƙasa. Babu rumbun da ke haɗa wannan tarkace. Ma'aji ɗaya ne a duniya ake tara hatsi haka, gidan tururuwa.

A shekarun nan ba abin mamaki ba ne. Matan talakawa kan fita da galma su haƙe gidan tururuwa, su kwashe abin da ta tara, su sheƙe su dafa. Amma gidan liman? Wada ya daɗe a tsugune. Bai tsaya neman wani sawu ba, don ya san inda za shi. Kufan tsohuwar Alkalawa ya nufa.

Can bayan tudun ganuwar da ta rushe, inda mutane ba su cika zuwa ba, akwai wani tsohon kududdufi da ke riƙe ɗan danshi. A bakinsa ya tarar da ramin, an haƙe shi da hannun da bai saba ba. Kewaye da shi zaƙami ne ya yi dandazo, 'ya'yansa masu ƙaya sun bushe sun tsage. Tururuwa ta ja layi daga gindinsu zuwa sabon gidanta, kowace ɗauke da faffaɗar ƙwaya mai ruwan ƙasa. Zaƙami kuwa ko ɗan kaɗan ya shiga cikin mutum sai ya ga matattu.

Ga sawun mace a gefen ramin, ƙarama, mai jan ƙafar hagu. Sawun Inna Luba ne, matar Malam. Kuma ba ranar Wada ya fara ganinsa a bayan gari ba. Tun bayan ƙaramar salla yake cin karo da shi da safe, ya fita, ya dawo da nauyi a ka. Ya san abin da yake nufi sarai. Sai dai rumbunsa ya yi ƙasa, bakunan gidansa da yawa, ya kuwa san in ya yarda ya gani to sai ya buɗe rumbun. Saboda haka kullum sai ya ɗauke kai ya dubi wani wuri.

*

Ya yi sallama a zauren Malam. Inna Luba ta zo ta tsaya bayan asabari. Bai yi doguwar magana ba, ya tura hannu ta ƙasa ya ajiye 'yan ƙwayoyin a kan tabarma. Sai ya ji ta zauna a ƙasa.

Ta ba shi labarin da muryar da ba ta rawa. Gidan malamai da zakkar manoma yake ci, bana kuwa ba wanda ya girbe abin da zai fitar. Malam ba ya roƙo, ba kuma zai shiga layin agaji a gan shi ba. Ita ce ta ce masa ƙanenta na Gatawa ke aiko musu da ɗan hatsi. 'Yar malamai ce, ba ta taɓa haƙar tururuwa ba, kuma ba ta iya tambayar matan da suka iya ba tare da ta tona kanta ba. Su sun san ba a taɓa gidan tururuwar da ke kusa da juji ko kufai, inda zaƙami ke fitowa. Ita kuwa kufan ta zaɓa, don can ne ba mai ganinta. A cikin ɗaki take sheƙewa ta daka, ƙofa a rufe, ga ido ya yi rauni. Kunun ranar bai kai na mutum biyu ba, sai ta ce masa azumi take.

"Ni nib ba shi da hannuna," in ji ta. "Tun ranan nan nike zargi, na kasa hwaɗi. In na yi magana, duniya ta ji gidan liman abincin tururuwa a ka ci. In na yi shiru, a buge shi."

Wada ya ce zai kai ƙwayoyin gaban alƙali, zai yi iyakar ƙoƙarinsa kada sunanta ya fito. Ta shiga ta ɗauko masa ɗan ragowar hatsin a ƙulle a bakin tsumma, ba ta ce masa ya yi ko kada ya yi ba.

*

Ranar zaman, rabin Alkalawa ya kwaso zuwa Isa. Ga Malam Sammani a gaba da farar riga, ga kofur, ga Tasalla a rakuɓe ta ja mayafi, ga Kalilu da ba wanda ya yarda ya zauna kusa da shi.

Wada ya nemi izini ya ce ya zo ya janye shaidarsa. Ya ce abin da ya faɗa gaskiya ne amma guntuwa ce, kuma guntuwar ta fi ƙarya ɓarna. Ya bayyana sawun da ya iso ƙofar Tasalla a karkace, da marken, da abin da ya tono a gindinsa. Aka kawo ƙwaryar, aka zuba ruwan randa, kofur ya sunsuna ya yarda warin da ya ji a rigar ke nan. Sannan Wada ya kwance tsumman a gaban alƙali. Alƙalin ɗan ƙauye ne, bai buƙaci a gaya masa ba. Ya tsinci ƙwaya ɗaya ya juya ta a tafin hannu ya ce wannan ai haukata-yaro ne, zaƙami.

Sai ya yi tambayar da Wada ke gudu. Ya ce to an ji ba giya ba ce, amma zaƙami ba ya shiga kunu da ƙafarsa. In wani ya zuba wa liman, wannan laifi ya fi na farko girma. Wa ya ba shi, daga ina hatsin ya fito?

Wada ya ce kuskure ne, ba mugunta ba. Alƙali ya ce kotu ba ta cin kuskuren da ba shi da mai shi. Kawuna suka fara juyawa wajen Kalilu, wani daga baya ya ce dama sun faɗa. Kofur har ya gyara tsayuwa. Wada ya ga shi da kansa yana shirin sake kai wani marar laifi inda ya kai na farko.

Daga bakin ƙofa, inda mata ke tsayawa, wata murya ta ce a bar bawan Allah nan. Inna Luba ce. Tun asuba ta biyo wasu masu jakai, ba wanda ya lura da ita. Ta matso tana jan ƙafa, ta durƙusa.

"Allah shi gafarta Malam, ni ta. Gidan tururuwa nih haƙa, can kufai. Babu hatsin Gatawa, ba a taɓa aiko muna ba. Wata da watanni abin da mu ka ci ke nan."

Malam Sammani ya juyo ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, sannan ya sa hannun riga ya rufe fuskarsa. Mutanen Alkalawa, masu cewa ya sha da masu cewa an ba shi, duk suka bi ƙasa da ido. Sau biyar a yini suke tsayawa a bayan mutumin nan, suna kallon wuyansa yana siracewa.

Alƙali ya kori ƙarar. Ya ce ba maye, ba laifi a kan kowa, a rubuta cewa Malam Sammani ya fita da mutuncinsa. Bai yi wa jama'a wa'azi ba, ya dai ɗan jima yana kallonsu kafin ya kira shari'a ta gaba.

*

A hanyar komawa aka ɗora Inna Luba a kan jaki, mutane suka yi gaba a gurguje, kowa na jin nauyin haɗa ido da liman. Wada ne ya rage tare da shi, suna tafe a hankali. Da suka yi nisa, sai Malam ya yi masa godiya. Ya ce kada ya riƙe shaidar farko a ransa, ido na kuskure, kuma shi ne ya koma ya gyara. Game da sauran kuwa, ya ce ba ya ganin laifin kowa. Shi da ke cikin gidan ma bai sani ba, balle na waje.

Ƙofa ce ya buɗe masa, Wada na iya shigewa ya yi shiru har abada. Ya tsaya a tsakiyar hanya.

"Allah gafarta Malam, ni na sani. Tun bayan ƙaramar salla nike ganin sawunta. Na san abin da ta ka ɗaukowa. Da hatsi cikin rumbuna, nib bari."

Malam ya tsaya shi ma, ya dogara da sandarsa. Wada ya jira faɗa, ko a ce an yafe, kowanne ya zo zai karɓa da hannu biyu. Tsohon ya dubi jakin da ke gaba, da ƙaramar matar da ke kansa, ƙafarta ta hagu na reto.

"Ba ni za ka hwaɗa wa ba," in ji shi. "Ga ta can."

Ya ci gaba da tafiya. Wada ya bi bayansa, jakin na ƙara matsowa, bai san da wace kalma zai fara ba.